Yadda Awakin Ƙofar Sauri Suka Cinye Ɗan Takara

In kun shigo Ƙofar Sauri kuka ga wani gajeren mutum mai tumbi yana tafe yana waiwaye, awaki na biye da shi kamar masu rakiyar ango, ba sai kun tambayi kowa ba, Sammani ke nan. Mu a teburin Sule mai shayi Darakta muke ce mashi, kuma ba mu muka raɗa mashi ba, shi ya raɗa wa kansa.

Abin ya samo asali ne daga ranar da ɗan yayarsa Ashraf ya fito takarar majalisar wakilai ta tarayya. Yaro ne siriri mai gilashi, ya yi karatu har ya gaji, ya dawo gida kansa cike da manufofi, babu mota sai wani tsohon babur, babu ubangida sai Allah. Wanda zai kara da shi a cikin jam'iyya kuwa Alhaji Salihu Mai Buhu ne, wanda ya daɗe a kan kujerar har ta ɗauki siffarsa. Ba mu taɓa jin muryarsa a majalisa ba, amma ƙarar tirelarsa in ta shigo da shinkafa, ko kurma ya san ta.

Ƙato bayan ƙato za a yi: a tsayar da hoton kowane ɗan takara, masu sonsa su jeru a baya, a bi ana dafa kawuna ana ƙirgawa. Sauran mazaɓu an yi nasu, aka tashi kunnen doki. Tamu ce ta rage. Wanda ya ci Ƙofar Sauri, tikiti nasa ne.

Da jin haka sai ga Sammani da sassafe, ya ture ni gefe ya zauna a tsakiyar benci.

"Sule, haɗa mani mai kauri! Yau kuna zaune da mutumin da zai kai yaro Abuja. Kansilolin da na ɗora a garin nan sun fi gashin kaina yawa."

Sule ya leƙa ƙarƙashin hularsa ya ce, "Darakta, ai kai sanƙo gare ka."

"To ka ga, har sun ƙarar da shi!"

Ana cikin haka Ashraf ya tsaya da babur ɗinsa. Ya durƙusa ya gaida kowa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da zafi, har shayin Sule ya huce. Sammani ya kama hannunsa ya ɗaga sama.

"Onarabul! Faɗa masu buhu nawa za mu raba."

"Kawu, ba za mu raba buhu ba."

"To atamfa."

"Babu atamfa."

"Sabulu? Taliya? Ko ɗan maggi?"

"Kawu, manufa za mu raba. Asibitin unguwa ya samu wutar sola, mace ta daina haihuwa da fitilar waya. Samari su koyi sana'a a nan gida, su daina hawa mota suna tafiya Legas tura baro. 'Yan mata su gama makaranta. In na je majalisa kuma, in riƙa dawowa nan filin unguwa ina tsayawa, kowa ya tambaye ni abin da na yi. Amma kafin komai, leda."

Sammani ya ce, "Leda? Wadda ake zuba ƙosai?"

"Ita. Ta toshe mana kwatoci, damina na zuwa ruwa ya shiga ɗakuna. Ta cika gonaki. Dabbobi na ci suna mutuwa. Zan kai ƙudurin da zai sa a rage ta, a kuma riƙa tattarawa ana sarrafawa, samari su samu aiki. Don haka ko fostata ba zan buga a leda ba kamar ta Alhaji. Takarda ce. Abin mannawar ma a haɗa shi a gida, da kayan gida."

Ni dai na ga idon Sammani ya yi wani ƙyalli, irin na mutumin da aka miƙa wa aikin da ya fi ƙarfinsa yana murna.

"Gam na gida? Ɗana, ka zo wurin da ya dace. Gam ɗin da zan haɗa, in na manna ka a bango, jikokinka za su zo su tarar da kai."

Ya ɗauki ƙunshin fostoci a ka ya nufi gida. Mu kuma muka bi shi, don wanda ya bar kallon Sammani ya tafi kasuwa ya yi asarar yini.

Ya sa matarsa Asabe ta sauke tukunyar tuwon suna, ya dama talgen garin rogo, ya tsaya yana juyawa da muciya yana yi mana karatu.

"Ku da ba ku da ilimin haɗi, ku saurara. Mi ke sa miyar kuɓewa yauƙi?"

Muka ce, "Kanwa."

"Mi ke sa gam kamawa?"

Muka dubi juna.

"Yauƙi! Asabe, kawo kanwa!"

Ya antaya kanwa. Ya ƙara gishiri, wai don kada ya yi tsami. Ya duba ya ga abin ya yi ruwa-ruwa, ya zuba dusa, wai don ya yi jiki.

Asabe ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, kanwa, gishiri, dusa? Wannan ai abin da nake dama wa tunkiyata ke nan in ta haihu."

"Ke da tunkiyarki wa ya taɓa cin zaɓe a cikinku?"

Ni ma na ce, "Darakta, ka dai duba maganar uwargida."

Ya nuna ni da muciya ya ce, "Sagiru, hassada ce ke cinka. Kai faci ka iya, ka tsaya a taya."

To, tunda an ce in tsaya a taya, sai na tsaya. Na ma riƙe mashi bokiti.

Kafin hantsi ya lulluɓe unguwa. Daga bakin ƙofa har lungun masu awara, ko'ina Ashraf ne yana murmushi, manufofinsa jere a ƙarƙashin haɓarsa. Sammani ya dawo teburin Sule ya miƙe ƙafa ya ce a je a faɗa wa Alhaji Salihu ya fara kwashe kayansa daga Abuja.

Muna fitowa sallar azahar sai muka ga abin al'ajabi. A kowane bango babu sola, babu sana'a, babu leda, babu haɓa, babu baki. Daga hula sai gira, sai gilashi yana leƙen mutane.

Sammani ya dafe ƙirji. "'Yan bangar Mai Buhu! Wallahi su ne! Da tsakar rana!"

Ya ɗauki sauran fostocin da ya riga ya shafa wa gam, ya danna a hammata, ya nufi ofishin kamfen ɗin Alhaji, muna biye. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe murya.

"Ku fito, matsorata! Mai yaga fosta da rana, in ya isa ya yaga a gabana! Ga su nan a hammatata, ɗan halak ya taɓa!"

Yaran Alhaji suka fito, suka dube shi, suka dubi bayansa, sai suka zube ƙasa suna dariya. Sammani ya ɗauka tsoro ne ya kada su, ya ƙara ƙaimi.

"Kun gani? Ko kallona ba ku iya yi!"

Sule ya ce, "Darakta, waiwaya."

Wata jar akuya ce tsaye a bayansa, ta lumshe ido, tana jan fostocin daga hammatarsa ɗaya bayan ɗaya tana taunawa a tsanake kamar mai cin kilishi. Kunnen Ashraf ne kaɗai ya rage a bakinta.

Akuyar nan kuwa ba ta kowa ba ce, 'Yar Gata ce, akuyar Hajiya Sabuwa. Hajiya Sabuwa ita ce shugabar matan jam'iyya a mazaɓarmu. In ta ɗaga mayafi ta yi gabas, matan unguwa gabas za su yi, kuma har ranar ba ta ce ga wanda take yi ba. Alhaji ya aika mata da buhu ta karɓa ta yi shiru. Ashraf ya je ya gaishe ta, ta amsa ta yi shiru. Mai hankali in ya ga akuyarta a gonarsa, fifita zai yi mata.

Sammani kama ta ya yi a kunne ya ja har ƙofar gidan.

"Salamu alaikum! Hajiya, fito ki ga 'yar adawa!"

Hajiya ta fito tana gyara ɗankwali. "Sammani, lafiya kake ja mani ɗiya kamar ka saye ta?"

"An saye ta dai! Nawa Mai Buhu ya ba ta?"

"Mi ta yi?"

"Ta cinye ɗan takara!"

"Duka?"

"Ta bar hula."

"To ka gode Allah, tana da kunya. Sake mata kunne kafin in kama naka."

Ya sake. Ta shige da akuyarta ta rufe ƙofa har ƙyauren ya yi ƙara. Sule ya raɗa mani cewa, "Shi ke nan, mata sun tafi."

Sammani ko a jikinsa. Ya ce ya gano bakin zaren: akuya gajera ce. Washegari ya aro tsani, ya sake dama wani gam ɗin, kanwa har ta fi ta jiya, ya hau yana manna fostoci can sama kusa da indararo. Mai wucewa sai ya cire hula ya karya wuya kafin ya hango. Wani tsoho ya daɗe yana kallo, hannu a goshi, ya ce, "Allah sarki, yaron wa ya ɓace?"

"Ɗan takara ne, Baba!"

"To mi ya kai shi can?"

"Shina sama da kowa ne!"

Bai lura ba gam na ɗiga yana bin matakalar tsani. Awakin lungun suka taru a gindi suna lasa. Wannan ta lasa ta tura, waccan ta lasa ta tura, wani bunsuru mai gemu ya ga an yi mashi nisa da daɗi, ya ja baya ya kawo karo. Tsani ya yi gabas, Darakta ya yi yamma, bokiti ya tsaya a sama kamar yana shawara, sannan ya sauko ya kife a kansa.

Muka ruga. Kafin mu isa awaki sun riga mu. Muna jin muryarsa daga cikin bokiti: "Sagiru! Ana lasata! Ana lasata ta ko'ina!"

Na ce, "Darakta, ai farin jini ne. Jama'a sun karɓe ka."

Da muka cire bokitin, hula ta tafi da shi, sanƙo ya fito yana sheƙi, wata 'yar akuya ta miƙa wuya ta yi mashi lasa ɗaya mai kyau daga goshi har ƙeya.

Duk da haka bai yarda kanwa ce ba. Wai kanwa ita ce sirrin, abin da ya rage a sa wa gam ɗin tsaro. Ya sa aka daka mashi barkono tsiduhu, ya juye a tukunya tana tafasa. Tururin da ya tashi ya fitar da Asabe da maƙwabta har da kajin gida zuwa titi, kowa na atishawa. Shi ya tsaya wai Darakta ba ya gudu, ya share hawaye da hannun da ya damƙi barkono.

Ran nan da ido rufe ya yi aiki. Ya manna Ashraf kai ƙasa ƙafa sama. Ya manna a kan allon mai gyaran waya. Ya manne ƙofar shagon wanzami, wanzami na ciki da mutum rabin kai a aske. Awaki kuwa? Akuyar birnin Katsina da ta girma tana cin takardar tsire da yajinta? Suka cinye, suka je kwata suka sha ruwa, suka dawo suna neman ƙari.

Da la'asar Ashraf ya zo ya tarar da kawunsa a teburin Sule, ido kamar gauta, an ɗora mashi tsumma mai sanyi.

"Kawu, sannu. Don Allah a bar fosta haka. Ni na bi gida-gida, na yi magana da mutane, sun ji ni. Abu ɗaya ya rage. Ga hoto babba guda, shi za a tsayar gobe a gaban layi. Ka riƙe shi kawai. Kada ka shafa mashi komai. Ko ruwa."

"Ɗana, ka raina ni."

"Ban raina ka ba, Kawu. Riƙewa kawai."

"An gama."

Yaro na ba da baya, Sammani ya ɗaga tsumma daga ido ɗaya ya dube mu. "Hoto guda? A ranar da ake yanke hukunci? Ku saurara in faɗa maku inda aka yi kuskure. Bango ba shi da ƙafa, shi ya sa akuya ta raina shi. Ni kuwa ina da ƙafa."

Sule ya ce, "Sagiru, gobe ba ni buɗe shago."

Ranar zaɓe ta faɗo ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla. Filin makarantar unguwa aka zaɓa, kuma a jikin katangar filin ne mutanen ƙauye suka kafa turakunsu, raguna reras, manya-manya masu ƙaho kamar sitiyarin tirela, an yini ana tallarsu ba su ga dusa ba.

Layin Alhaji ya miƙe har bakin ƙofa, kowa da ƙullin shinkafa a leda yana ɓoyewa a riga. Layin Ashraf samari ne da 'yan acaɓa da malaman makaranta, da ɗan dama, amma bai kai ba. Hajiya Sabuwa da matanta suna tsakiya a inuwar bishiyar bedi, ba su nan ba su can. Malamin zaɓe, wani dogo mai suna Malam Hussaini da aka turo daga hedikwatar jam'iyya, ya ɗaga lasifika ya ce doka ɗaya ce: duk wanda hannunsa ya dafa a layi, ya ƙirgu, babu na ce babu ka ce.

Ashraf na ta duba hanya. "Ina Kawu? Ina hoton?"

Sai ga shi.

Jama'a, na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin bango na tafiya ba sai ranar. Babbar rigar da ya ɗinka don rantsarwa a Abuja ya sa, shadda fara mai aiki har ciki, ya bi ta da gam gaba da baya, ya manne ta da sauran fostocin kaf. Kafaɗa Ashraf, ciki Ashraf, hannun riga Ashraf, hula Ashraf. Babban hoton kuwa ya manna shi a faifan kwali ya rataya a ƙirji, gam na ɗiga. Tafiya yake ƙafa a buɗe, hannu a shimfiɗe, yana ƙamshin dusa da kanwa tun daga nesa.

Ashraf ya dafe kai. "Kawu, na ce ko ruwa."

"Ai ban sa ruwa da yawa ba."

Ya tsaya a gaban layi yana jujjuyawa don kowa ya karanta. A bayansa kuwa, a jere, cikin natsuwa, awakin unguwa ne suka biyo sawu tun daga gida, 'Yar Gata a gaba. Suka tsaya a layin Ashraf kamar masu katin jam'iyya.

Wani daga layin Alhaji ya yi ihu, "Malam Hussaini, a ƙirga da su, su ma sun ci na ɗan takara!"

Fili ya ɗauki dariya. Sammani na kai duka da hannun riga, yana "Kur! Kur!", duk inda ya kaɗa hannu akuya ta cafke.

Hajiya Sabuwa ba ta yi dariya ba. Akuyarta take kallo. Ta taso daga inuwa a hankali, ta zo ta shafa bayan 'Yar Gata, ta matsa cinyarta, ta duba gashinta yana ƙyalli. Sai ta juya ga mata.

"Kun tuna uwar wannan? Bara bayan taron Alhaji ta rame ta kumbura, muka yanka ta tana shure-shure. Mi aka tarar a tumbinta?"

Mata suka ce, "Leda!"

"Leda cunkus, har da rabin fuskar Alhaji, bai ko goge ba. Wannan kuwa kwana da kwanaki tana cin yaron nan safe da yamma, ku dube ta. Ko tari ba ta yi ba. Yaron ya zo har tsakar gidana ya yi mani bayanin leda, na ce zancen 'yan boko ne. To ga shi a jikin akuyata. Ɗan takarar da dabba ta ci ta yi ƙiba, mutum ba zai zaɓe shi ya rame ba. Ku taso!"

Ta ɗaga mayafi ta yi layin Ashraf, mata suka bi ta ɗuu, ana guɗa. Layi ya miƙe, ya miƙe, har ya je ya yi kafaɗa da na Alhaji. Ba mai iya cewa ga wanda ya fi. Ashraf ya cire gilashi yana gogewa.

Da Sammani ya tsaya haka nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Amma ina! Ya daka tsalle. "Kun gani! Dabarata ce! Tun farko na shirya! Ni na ciyar da akuyar da gangan! Sagiru, faɗa masu!" Ya kama rawa, yana buɗe babbar riga kamar tolotolo, yana juyi, ya bar gaban layi ya yi wajen katanga don mutanen ƙauye ma su shaida. Iska ta kwashi ƙamshin kanwa ta kai wa ragunan layya har hanci.

Wani farin rago, ƙato kamar maraƙi, ya ɗaga kai. Ya shaƙa. Ya ja igiya sau ɗaya, turke ya fito da ƙasarsa.

Mai ragon ya ce, "Alhaji, kauce!"

Sammani ya ce, "Ba Alhaji ba ne, Darakta ne."

Karon farko a mazaunai ya same shi, daidai kan manufar sola. Kafin ya miƙe sauran raguna sun ga ana rabo babu su, turaku suka yi ta fita. Sammani ya tattare riga ya zuba a guje. Raguna a bayansa, awaki a bayan raguna, masu raguna a bayan awaki da sanduna suna salati, yaran makaranta a kan katanga suna kirari. Ya zaga fili, takardu na tashi a bayansa kamar an fige kaza. Ya nufi bedi zai hau, tumbi ya hana. Ya nufi ofishin hedimasta, a kulle.

"Ashraf! Ɗana! A kawo ƙuduri! A hana raguna!"

Ashraf ya ga hotonsa na zagaya fili, layi na neman watsewa, sai ya ruga ya tsaya a gaba da kansa ya ɗaga hannu. "Ga ni, ni ne hoton! Don Allah kada kowa ya motsa! Malam Hussaini, a fara!"

Malam Hussaini ya fara dafa kawuna, ejan na kowane ɓangare na biye da shi. Ya gama layinmu ya rubuta. Ya koma na Alhaji.

Can kuwa Sule ya haɗa hannu a baki ya yi ihu, "Darakta, tuɓe rigar! Rigar suke so!"

Karo na farko a rayuwarsa Sammani ya ji shawara. Ya fizge babbar riga da hula da kwali ya wurgar, raguna suka rufar mata. Shi kuma daga shi sai singileti da wando, ya duba inda jama'a suka fi kauri, ya hango wasu ƙarti biyu masu faɗin baya, ya kutsa tsakaninsu ya tsaya ƙiƙam, ya runtse ido yana haki.

Layin Alhaji ne.

Muka haɗa baki, "Darakta, fito! Fito!"

Ashraf ya ce, "Kawu! Ba nan ba ne!"

Ido a rufe ya ce, "In fito in mutu? Ku bari su ƙoshi!"

Hajiya Sabuwa ta ce, "Sammani, in ba ka fito ba, ni zan zo in fito da kai!"

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga hoton Alhaji Salihu na leda a gaba yana yi mashi murmushi. Ya buɗe ɗayan. Ya ɗaga ƙafa zai fita ke nan, sai tafin hannun Malam Hussaini ya sauka a kan sanƙo, ɗas! Har bayan fili an ji.

"Malam, ni fakewa na yi!"

"Ba a ba ni gurbin masu fakewa ba."

"Ni ne Daraktan wancan!"

"To Allah ya ba wancan haƙuri."

Aka haɗa lissafi. Malam Hussaini ya ɗaga lasifika, fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar raguna na taunar shadda. Alhaji Salihu Mai Buhu ya ci da ƙuri'a ɗaya.

Kowa ya juya ya dubi ƙuri'ar. Tana tsaye da singileti, 'Yar Gata na lasar mata gwiwa.

Yaran Alhaji suka ɗaga shi sama suna "Sai Darakta! Sai Darakta!" Shi kuma, wallahi ba ƙari na yi ba, da ya ji an ɗaga shi sai ya fara ɗaga wa jama'a hannu.

Bayan Salla Ashraf ya zo teburin Sule. Ya ɗan rame, amma ya gaida kowa yadda ya saba, har shayi ya huce. Ya ce ba a gama ba, zai sake fitowa, kuma Hajiya Sabuwa da matanta sun riga sun fara tattara leda lungu-lungu, samari na yashe kwata kafin ruwa ya sauka. Sannan ya durƙusa gaban kawunsa.

"Kawu, alfarma ɗaya nake roƙo."

"Faɗi, ɗana. Ka san ba ni ƙin taimako."

"Zaɓe mai zuwa, don girman Allah, ka yi wa Alhaji Darakta."

Sammani ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Har arona ake bayarwa. Duk faɗin Katsina, daga Ƙofar Guga har Ƙofar Marusa, a nuna mani wanda ya taɓa naɗa ɗan majalisa da sanƙonsa in ba ni ba."

Ya miƙe nan take ya nufi gidan Alhaji don ya kama aiki. Maigadi ya hango shi tafe, ya hango abin da ke biye da shi, ya rufe get ya sa sakata. Aka leƙo ta taga aka ce Alhaji na gaisuwa, ya gode ƙwarai, kuma yana roƙon arziki, Darakta ya zauna inda yake, zumunci ba abin wasa ba ne.

Ya dawo ya zauna yana huci. "Tsorona suke ji. Sule, haɗa mani mai kauri, da burodi."

Sule ya miƙa mashi. Ya ɗaga burodin yana nuna mana yadda zai tsara zaɓe mai zuwa, ya kai hannu baya don ya nuna girman layin.

Da hannun ya dawo, babu burodi.